Haƙarƙarin Akawal

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan ta iso, amma ba irin wadda ake yi wa yara don barci ya ɗauke su ba ce. Wannan a gabana aka yi ta.

Malam, wato maigidana, Allah Ya jiƙansa, ɗan barga ne. Tun ina amarya na same shi da warin doki a rigarsa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa warin nan bai sake shi ba. A Bompai muka ƙare aiki, a bayan kamfanin leda na wani Alhaji mai son dawakin sukuwa. Katanga ɗaya ce tsakanin injinan da bargar. Ɗakunanmu suna jingine da ita, idan aka tayar da janareta har kwanukana sai sun yi rawa a kan kanta. Ni nake jiƙa dusa, ni nake daka kanwa, ni nake tsince tsakuwa daga dawar dawaki. Ba wanda ya ɗauke ni wannan aiki. Matar ɗan barga ce ni, shi ke nan.

Akwai abin da sai kun sani kafin ku gane labarin nan. A barga, mutuncin mutum a jikin dokinsa yake. Ba mai tambayarka ko kana da amana, kuturin dokinka, wato saman cinyoyinsa na baya, za a kalla. Idan ya cika ya yi sumul yana sheƙi, an san abin da aka auno masa cikinsa ya shiga. Idan kuwa haƙarƙari ya leƙo, ko guda ɗaya, to kowa ya san inda dawar ta bi: ta bayan katanga, wurin masu kunu. Ba za a faɗa maka a fuska ba. Za dai a daina ba ka ajiyar makulli. Malam ya ga mazan da wannan suna ya bi su har kabari, shi kuwa tsawon zamansa a barga, kafin abin da zan faɗa muku, ba a taɓa ƙirga haƙarƙarin dokin da yake turkensa ba.

Dokinsa na ƙarshe akawal ne, baƙi wuluk. Yana duƙushi aka kawo shi, ƙafafu kamar kara, Malam ya raine shi kamar jariri. Da ya girma, idan aka wanke shi aka tsayar a rana, ma'aikatan kamfani masu fitowa daga aiki sukan tsaya a ƙofar baya suna kallo har a rasa hanyar wucewa. A turken da ke kusa da namu akwai wani doki bidi, siriri, mai dogon wuya, wanda wani Badamagare yake riƙe da shi. Mutumin nan bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ni ban taɓa ganin bidin nan na ji sha'awa ba. Kamar an wanke shi an shanya.

To, ana nan ana nan, sai Alhaji ya gaji da shan kaye a filin sukuwa. Wata safiya ya zo da wani likitan dabbobi, yaro ne, ɗan cikina ma ya girme shi. Ya tarar da Malam a durƙushe yana duba kofato, ya ce masa, "Sannu Baba," yana tsaye ƙiƙam, hannu ɗaya a aljihu. Tun daga wannan gaisuwa na san ba alheri ya kawo mana ba.

Abin da ya zo da shi wata baƙar ɗamara ce. Ana jiƙa gashin doki a bayan hammatarsa ta hagu, a ɗaura ta a ƙarƙashin majayin sirdi, ita kuma sai ta riƙa gaya wa waya yadda zuciyar dokin take bugawa. Mai riƙe wayar kuwa babban ɗana ne, wanda bakina ba ya kama sunansa. A Sharada yake aiki, a ɗaya kamfanin na Alhaji, amma da yake yana da boko kuma ya tashi cikin dawaki, duk ranar awo sai a aiko ya hawo adaidaita ya zo.

Shi na tsare a ƙofar ɗaki na ce, "Kai, me ake nema a cikin ƙirjin dabbar Allah?"

Ya ce, "Inna, ba gudun ake aunawa ba. Kowane doki idan ya yi gudu sai zuciyarsa ta hau. Saukowar ake kallo. Mai ƙarfin gaske, yana tsayawa, kafin ki gama alwala ta sauko ta natsu. Wanda kitse ya danne kuwa, shi ya tsaya, ita tana can tana ta gudu."

Na ce, "Da can da ba ɗamara, makafi ne suke kiwon doki?"

Ya yi dariya. Ban ga abin dariya ba.

A filin da ke bayan kamfani, gefen tsohon layin dogo, aka yi awon farko. Ina tsaye a ƙofar baya da ƙwaryar dusa a hannuna. Mahayi ya zagaya da bidi, ya dawo, aka tsaya ana kallon waya. Likita ya gyaɗa kai. Aka kwance ɗamara aka ɗaura wa akawal. Wallahi da ya tashi, ƙasa sai da ta amsa. Ya zagayo yana kumfa, gezarsa tana tashi, 'yan kallo suna kabbara. Aka tsaya. Aka jira. Aka ƙara jira. Likita ya leƙa wayar, ya dubi akawal daga kai har wutsiya, ya ce wa Alhaji, ba Malam ba, "Wannan ai sa ne aka turke don layya."

Malam yana tsaye a wurin, ragama a hannunsa.

Nan take aka yanke hukunci. A rage wa akawal hatsi, a bar shi da ciyawa da 'yar dusa, a riƙa fita da shi sassarfa kowace safiya. Kafin lokacin sukuwa za a sake awo. Alhaji ya ce yana da sabon doki a hanya daga gabas, turke kuma ba ya ɗaukar doki biyu, don haka duk wanda zuciyarsa ta ƙi saukowa, kasuwa. Ya faɗi haka yana duba agogonsa.

Malam bai yi musu ba, ba halinsa ba ne. Ya karɓi ɗan kwanon da likita ya ba shi na awo, wanda ko kazata ba zai ƙosar ba, ya bi umarni. Ina gani da idona ya bi. Akawal yakan cinye abin da aka zuba masa, ya lashe komin abincin, ya juyo yana kallon Malam, ya bugi ƙasa da ƙafa. Malam sai ya kau da kai ya shiga share abin da ya riga ya share.

Aka ɗan kwana biyu a haka. Sai wata safiya bayan wanka, rana ta haska gefen akawal, haƙarƙari ya fito. Ba sosai ba. Inuwarsa ce kawai, kamar an ja layi da yatsa a kan ƙasa.

A ranar, Malam ya je wurin mai shayin ƙofar kamfani, wurin cike da ma'aikata masu jiran jiniya. Badamagaren nan yana kan benci yana fifita shayi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Dattijo, barka da asuba. Don Allah nawa tiyar dawa a gidanku? An ce taku ta fi ta Dawanau sauƙi."

Aka kwashe da dariya. Wani direban tirela ya ce, "A ajiye mini rabin buhu, Baba!"

Badamagaren ya san abin da likita ya ce. A gabansa aka faɗa. Amma ma'aikatan ba su sani ba, direban bai sani ba, masu kunun bayan katanga ba su sani ba, kuma ba wanda zai bi su gida gida yana yi musu bayanin ɗamara. Su haƙarƙari suka gani.

Malam ya dawo bai sha shayin ba. Ya zauna a bakin gado, ya cire hula, ya daɗe yana kallon cikinta. Can ya ce, "Geron da yaron nan ya kawo, da saura?"

Ɗana yakan kawo mana gero duk ƙarshen wata, na tuwo da kunu. Na ce da saura.

Ya ce, "Jiƙa mini. Ki sa kanwa."

Ban tambaye shi na mene ne ba. Na jiƙa. Kuma kada wani ya zaci zan ce na yi nadama. Miji ya shigo da fuskar da Malam ya shigo da ita ranar nan, ko jinina ya ce in jiƙa masa zan jiƙa.

Ga yadda muke yi. Da azahar idan jiniya ta yi kuka, 'yan barga sukan tafi masallacin kamfani, daga can su wuce cin abinci. Ni kuma sai in fito da kular abincin Malam, in kai masa barga kamar yadda na saba. Sai dai ba tuwo ne a ciki ba. Ƙarar injin takan rufe ƙarar tauna. Malam yakan tsuguna ya riƙe kular da hannu biyu, akawal yana ci, shi yana yi masa magana ƙasa ƙasa. Sannan ya yi alwala ya bi sahun ƙarshe. Fitar safe kuma sai ya fara kawo dalili: yau kofato da zafi, gobe tireloli sun cika hanyar Dakata ba wurin wucewa. Ba ya son gumi ya zubar da abin da ya zuba.

Haƙarƙari ya koma. Kuturi ya cika. Malam ya koma wurin mai shayi yana zama a kan benci. Tuwonmu kuwa ya zama sau ɗaya a yini, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Ban ga wanda ya ƙirga nasa haƙarƙarin ba.

Ɗana ne ya fara ganewa. Ya zo wata Juma'a, yunwa ta kama shi, ya ga kula a ajiye, ya buɗe. Ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙen gero. Ya dubi buhun da ya kawo, wanda ya riga ya kwanta.

Ya ce, "Inna, wa yake cin wannan?"

Na ce, "Wanda Allah Ya ciyar."

Ya wuce barga, na bi shi. Ya durƙusa a gaban ubansa, wannan kam ban hana shi ba, yana da ladabi. Ya ce, "Baba, ku yi wa Allah ku daina. Da hannunku kuke kai shi kasuwa."

Malam yana taje geza, bai juyo ba. Ya ce, "Kai ka je wurin mai shayi ranar nan?"

"Baba, maganar banza ce, kowa ya san ku."

"Da sun san ni da ba su yi dariya ba."

"To a bar su su yi! Dariya tana kashe doki ne?"

Malam ya ajiye matajin. Ya ce, "Ba ta kashe doki."

Sai yaron nan ya juyo kaina. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun da ya girma, ya ce in zo in ji da kaina. Ya ja akawal ya zagaya da shi fili da gudu, ya dawo, ya jira har numfashinsa shi kansa ya daidaita, sannan ya ɗora tafina a bayan hammatar dokin. Na ji. Ba zan ce ban ji ba. Kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, ba mai niyyar ajiye taɓarya. Na janye hannuna na goge a zanena.

Ya ce, "Kin ji?"

Na ce, "Na ji yana da rai."

Ranar awo na biyu ta zo. Alhaji ya zo da abokansa, aka fito musu da kujeru. Bidi ya zagaya, ya tsaya, kafin a gama kwance masa linzami likita ya ce madalla. Badamagaren yana washe baki kamar shi ya yi gudun. Aka kawo akawal. Likita ya dube shi, ya ɓata fuska. Ya zagaya bayansa, inda dokin ya yi kashi, ya sa bakin takalminsa ya tona. Ya sunkuya. Duk girman kansa, ranar ya sunkuya, amma ga kashin doki.

Ya ce, "Gero. Alhaji, akwai gero a abincin bargarku?"

Alhaji ya ce babu, dawa da dusa yake saye.

Malam ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Na gidana."

Alhaji ya fashe da dariya har yana buga cinya. Ya ce wa abokansa, "Kun ji ikon Allah! Na sha korar masu fitar da hatsi daga barga, yau ga mai shigo da shi." Suka taya shi. Likita bai yi dariya ba, ya ce, "Baba, ka ɓata mana aikin wata da watanni. Me ya sa ba ka jin magana?" Ka, ya ce masa. Kamar yana yi wa yaron shago faɗa.

Duk da haka aka ɗaura ɗamarar, don Alhaji ya ce a cika ƙa'ida. Akawal ya yi gudu irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Ya dawo ya tsaya yana haki, ƙafafunsa na gaba suna karkarwa. Wayar tana hannun ɗana. Likita yana can gefe yana goge takalminsa da ciyawa, ba ya kallo. Alhaji ya ce, "Yaro, me ta ce? Ta sauko?"

Malam ya ɗaga ido ya dubi ɗansa. Bai roƙe shi ba. Kallonsa kawai ya yi. Ni ma daga ƙofar baya ina kallonsa, ina cewa a raina, ka ce ta sauko, ko ka ce wayar ta mutu, ko ka yi shiru, ɗan nan, shiru ma magana ce.

Ɗana ya ce, "Ba ta sauko ba, ranka ya daɗe. Ta fi ta wancan karon ma."

Da yamma ya shigo ɗakina, ban ba shi tabarma ba. Ya ce, "Inna, da na yi ƙarya da an kai shi filin sukuwa. Da ya faɗi a tsakiyar gudu da ɗan mutane a bayansa fa? Wa zai ɗauki wannan?"

Na ce masa ya tashi ya kama hanya kafin adaidaita ta yi wuya.

Malam ya je har ofis ya roƙi a ƙara masa lokaci, ya ce wannan karon zai bi kwanon likita. Aka bar shi a benci a waje har la'asar, sannan aka aiko masinja ya ce sabon doki ya riga ya iso Maigatari.

Wanda ya sayi akawal mai ba da hayar dawaki ne ga samari masu hawan angwanci. Ya zo da 'yar motar ɗaukar shanu. Da ya ga dokin sai ya riƙe baki. Ya shafa wuyansa, ya daki kuturinsa da tafi, ya ce, "Kai! Wa ya yi kiwon nan? Wannan ɗan halak ne, ko ƙwaya bai ci a hatsin dokin nan ba. Allah Ya yi masa albarka." A gaban Badamagaren ya faɗa, a gaban masu gadi da ma'aikatan da suka taru. Shaidar da Malam yake nema ke nan, ya same ta. Ya ce amin, ya miƙa ragamar, ya shiga ɗaki. Akawal ya yi ta haniniya har motar ta fita titi. Ni na tsaya na ji ta har ƙarshe, don a samu wanda ya ji.

Sabon dokin an ce Malam ya riƙe shi. Ya ce idonsa ya yi rauni. Muka kwashe kayanmu muka koma Sharada, gidan ɗana, ɗakin da ke kusa da zaure.

Bayan damina ta wuce, wata rana yaron ya dawo daga aiki jikinsa a sanyaye. Ya same ni a madafa ya ce ya ga akawal a wajen Dakata, samari biyu a kansa, suna zabga masa bulala a kan kwalta. Ya ce, "Inna, haƙarƙarinsa duk a waje, ta gezar kawai na gane shi." Ashe Malam ya jiyo sunan dokin daga ɗaki. Ya ɗaga labule ya ce, "Ka gan shi? Yaya yake?"

Yaron nan ya dubi ubansa ido cikin ido ya ce, "Yana nan da ƙibarsa, Baba. Sai sheƙi yake yi."

Malam ya ce alhamdu lillahi, ya saki labule.

Ni kuwa na tsaya da muciya a hannu ina kallon ɗana. Ashe ya iya. Ashe bakinsa yana iya ɗaukar ƙarya, har ya faɗe ta sumul ba gargada. Ranar da za ta tsayar da doki a turke ne ya rasa ta.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Malam bai ƙara shiga barga ba. Da ciwo ya kwantar da shi muka kai shi asibiti, wata ma'aikaciya ta maƙala masa wani abu a yatsa ta ce za ta ga bugun zuciyarsa. Ya fizge hannunsa ya ce, "'Yar nan, idan ba ta sauko ba, wa zai saye ni?" Ta yi dariya, ta zaci wasa yake. A makon ya cika, yana zaton dokinsa yana can da ƙibarsa.

Akawal ban sake jin labarinsa ba, kuma na hana a nemo mini.

Bidi ya ci sukuwa a shekarar, na ji har a rediyo an faɗa. Badamagaren ya samu kyautar babur. Daga baya aka kama shi yana miƙa dawa ta bayan katanga, aka kore shi. Dokinsa dama siriri ne, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba.

Likita an ce manyan masu dawaki suna rububinsa, har Kaduna ake zuwa ɗaukarsa. Aikinsa yana kyau, haka kowa yake faɗa. Bai zo gaisuwar Malam ba, ina jin bai ma san ya rasu ba.

Alhaji wutar lantarki ta gagare shi, ya rufe kamfanin Bompai, ya sayar da dawakin. Bargar yanzu sito ce, an ce buhunan taki ake tarawa a inda turken Malam yake.

Ɗana yana nan, ya yi furfura a gemu, har yau bai fasa kawo gero duk ƙarshen wata ba. Yakan durƙusa ya gaishe ni, in amsa. Mutane suna cewa na yi dacen ɗa mai gaskiya, in ce haka ne. Ina cin tuwon geronsa, don ba ni da wani. Amma kular nan tana ƙarƙashin gadona, ban yarda an sake zuba abinci a cikinta ba.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ku karɓi kunnuwanku, na gama da su.